Kayan abincin da sanyin firij ke ɓatawa, da inda ya fi dacewa a ajiye su

Idan ka taɓa sayen doya mai kyau a kasuwar Sabon Tasha ko Kasuwar Monday ta Kakuri, ka kai gida ka tura ta cikin firij don kada zafi ya taɓa ta, bayan mako guda ka fere ta ka tarar cikinta ya dafe ya yi ruwa-ruwa, to kada ka yi saurin ɗora wa mai doya laifi. Sau da yawa firij ɗin ne ya yi ɓarnar. Haka labarin yake ga ayabar da ɓawonta ya yi baƙi alhali cikinta bai nuna ba, da tumatirin da ya fito ja wur amma a baki lami.

Yawancin abin da muke ci a nan amfanin gonar ƙasar zafi ne. Firij na gida kuwa an yi shi ne ya riƙe sanyin da ya kai digiri 4 zuwa 5 a ma'aunin Selshiyos, domin a nan ne ƙwayoyin cutar da ke ɓata nama da madara suke rage yaɗuwa. Doya da dankalin Hausa da ayaba da mangwaro da tumatirin da bai gama nuna ba, duk suna fara jin jiki da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 12 ko 13. Ka ga tazarar ba kaɗan ba ce.

Yadda sanyi ke yin illa

Amfanin gona ba ya mutuwa ranar da aka girbe shi. Doyar da ke ɗakinka tana numfashi, shi ya sa take tsiro idan lokacinta ya yi. Jikinta ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo. Ka san yadda manja ke sandarewa a kwalba da safiyar hunturu? Kusan haka maiƙon tantanin nan yake yi a cikin firij. Idan ya sandare sai ya daina riƙe abin da ke ciki, ruwa ya tsiyaye, launi ya sauya, ruɓa ta samu ƙofa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne illar ba ta cika nuna kanta a cikin firij ba. Kayan na nan fes, sai ka fito da su sun sha ɗumi na kwana ɗaya ko biyu, sannan tabo da laushi su bayyana. Mai saye ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓe, mai sayarwa ya rantse lafiya lau ya bayar, kuma kowannensu gaskiyarsa ya faɗa.

Akwai matsala ta biyu wadda ta fi shafar mu a Barnawa da Narayi da Television da Romi da Gonin Gora, wato ɗauke wuta. Shawarwarin da ake karantawa a intanet galibi an rubuta su ne don gidajen da firij ɗinsu ba ya mutuwa. Namu yana sanyi da dare, ya huce da rana, ya sake sanyi. Duk lokacin da ya huce, kayan ciki sai su yi gumi, kuma wannan danshin shi ne abincin fumfuna. Gidaje da yawa ma firiza ce kawai suke da ita, ita ce firij ita ce komai. Abin da ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya sake narkewa, ba ya komawa yadda yake.

Doya, dankali da gwaza

Doya ce ta fi kowa tsada a wannan rukuni, don haka asararta ta fi ciwo. Wadda ba a yanka ba ba ta da abin yi a firij ko na kwana ɗaya. Nemo mata wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, a ɗora ta kan katako ko benci, kada ta kwanta kai tsaye a kan siminti, kada kuma a jibge ta ɗaya kan ɗaya. Idan ta fara tsiro, a karye tsiron da hannu, domin shi ke shanye ta har ta yamutse. A riƙa juya ta lokaci-lokaci, duk wadda ta nuna alamar ruɓa a raba ta da sauran.

To idan an yanki rabi fa? Bar wurin yankan a buɗe iska ta busar da shi, zai yi ɓawo da kansa. Wasu na shafa toka, kuma dabara ce mai kyau. Kuskuren shi ne ɗaure wurin da leda, don gumi zai taru ya fara ruɓa daga nan. Idan kuwa kana son doya ta daɗe kuma kana da wutar da za ka dogara da ita, fere ta, yanka ta, ka ɗan tafasa ta na 'yan mintoci, ka tsane ta ka sa a firiza ta daskare gaba ɗaya. Daskarewa daban take da sanyin firij: ta riga ta zama abin dafawa, ba a jiran ta ci gaba da rayuwa.

Manomi kuma ya lura: doyar iri da sanyi ya taɓa ba ta tsiro yadda ya kamata. Kada a kai ta kusa da ɗakin sanyi da sunan adanawa.

Dankalin Hausa ya fi doya saurin fushi. Idan ya kwana biyu a firij, tsakiyarsa kan yi tauri, ka dafa ka dafa ya ƙi laushi. Kwando da inuwa sun ishe shi. Gwaza ma haka.

Dankalin Turawa da ake kawowa daga Filato labarinsa ya ɗan bambanta, domin shi ɗan ƙasar sanyi ne, firij ba ya ruɓar da shi. Abin da yake yi shi ne juya sitacinsa ya koma sukari. Idan ka zo suya sai ka ga ya yi duhu tun bai soyu ba, ga wani zaƙi-zaƙi da ba a nema ba. Masu sayar da soyayyen dankali sun san wannan. Ajiye shi a wuri mai duhu, don haske ke sa ɓawonsa ya yi kore, kuma koren nan yana tafe da wani dafi mai ɗaci. A yanke wurin a zubar; idan koren ya yi yawa a haƙura da dankalin. Da zafin Maris da Afrilu, sayi na mako guda kawai.

Tumatir

A nan ne aka fi gardama, don haka bari mu ɗan tsaya. Tumatirin da bai gama nuna ba, wanda yake kore ko ruwan ɗorawa, idan ya shiga firij nunarsa ta tsaya ke nan. Ko ka fito da shi daga baya, ba zai yi ja yadda ya kamata ba, sai dai ya yi tabo-tabo. Wanda ya nuna kuma ƙamshinsa ne ke tafiya. A 2016 masana a Jami'ar Florida ta Amurka sun wallafa binciken da ya nuna cewa tumatirin da ya yi mako guda a sanyin digiri 5 yana rage samar da sinadaran da ke ba shi ƙamshi, kuma ko an dawo da shi ɗumi ba duka suke dawowa ba.

Amma fa mu faɗi gaskiya: tumatirin da ya nuna sosai ba zai jure zafin Kaduna na bazara ba, lokacin da rana ke haura digiri 35. Kwana biyu ya fara tsiyaya. Tsakanin rashin ƙamshi da ruɓa, kowa ya san abin da zai zaɓa. Don haka ga yadda ya fi: idan za ka saya, haɗa da nunanne da wanda ya rage saura. Wanda ya rage saura a baza shi a faranti ko tire a inuwa, ba a cikin leda ba, ba kuma a wanke shi ba sai za a yi amfani da shi. Nunannen a fara da shi. Wanda ya fara laushi kuwa a markaɗa shi da attarugu da tattasai, a tafasa har ruwan ya tsotse, sannan a sa a firiza. Miya ba ta tambayar ko tumatirinta ya taɓa daskarewa.

Lokacin da tumatir ya yi araha da rani, busarwa ta fi komai. Kauɗar da aka shanya a kan abu mai tsabta, ba a bakin titi ba, tana kai mutum har tsadar damina ba tare da ya ƙona ko sisi a kuɗin wuta ba.

Kuɓewa ɗanya, yalo, gauta da kokwamba duk suna da irin wannan rauni, sai dai nasu iyakar ta ɗan sauko, wajen digiri 7 zuwa 10. Kwana biyu ko uku a aljihun ƙasa na firij ba komai. Fiye da haka kuɓewa ta yi baƙi a gefe-gefe, kokwamba ya yi ramuka ya saki ruwa. Attarugu da tattasai sun fi su haƙuri. Ɗaɗɗoya kuwa dare ɗaya ya isa ta yi baƙi. Tsoma ƙasan reshenta a kofin ruwa ka ajiye a kicin. Kabewar da ba a fasa ba tana wata da watanni a ƙarƙashin gado.

Ayaba, agade, mangwaro da sauran 'ya'yan itace

Jiragen ruwan da ke kai ayaba Turai suna riƙe ta a digiri 13 zuwa 14, ba sa yarda ta sauko ƙasa da haka, domin kamfanonin sun san asarar da ke biyo baya. Firij ɗinka ya fi wannan sanyi nesa ba kusa ba. Ayaba ko agade da bai nuna ba, idan ya shiga ciki, ɓawon ya dafe, cikin ya tsaya da gardinsa na ɗanye. Rataye nonon ayaba a inda iska ke kaɗawa. Idan ta nuna sosai kuma ba za a cinye ba, a nan firij zai iya ƙara mata kwana biyu. Ɓawon zai yi baƙi amma cikin yana nan.

Wannan ita ce ƙa'idar mangwaro da gwanda da fiya: su nuna a waje tukuna. Sa su a firij awa biyu kafin a sha don a ji sanyi ba laifi ba ne. Kankana da ba a fasa ba a bar ta a ƙasa a inuwa. Da zarar wuƙa ta shiga kowannensu, magana ta canja, sai a rufe a sa a firij a kuma shanye da wuri.

Wani abu da masu sayar da kayan marmari suka daɗe da sani: ayaba da mangwaro da fiya da tumatir suna fitar da wata iska mai sa nuna, wadda masana ke kira etilin. Idan kana son fiya ta nuna da sauri, haɗa ta da nunanniyar ayaba a takarda. Idan ba ka so, raba su. Ganye da kokwamba da kankana kuwa iskar nan tsufar da su take yi.

Albasa, tafarnuwa da citta

Albasa bushewa take so. Sanyi shi kaɗai ba ya cutar da ita, danshin cikin firij ne ke sa ta laushi da fumfuna, ga shi kuma warinta na kama ruwan sha da madara da duk abin da ke kusa. Kwando, ko buhun raga, ko a baza ta a ƙasa mai bushewa. Kada ta zauna wuri ɗaya da dankalin Turawa, don danshin da yake fitarwa na sa ta ruɓa. Rabin albasar da aka yanka kuwa a rufe shi a roba a sa a firij, a yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki.

Tafarnuwa idan ta ji sanyin firij sai ta ɗauka lokacin tsiro ya yi. Citta ɗanya, irin wadda ake kawowa daga Kachia da Kwoi, ita ma 'yar ƙasar zafi ce. Ta mako ɗaya ko biyu a bar ta a kwando. Mai yawa kuma a tsaga a shanya, yadda manomanta ke yi.

Busassun kaya, inda haɗarin ya fi girma

Garin tuwo, garin kwaki, wake, gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, busasshen kifi, kilishi. Duk waɗannan bushewa ce ke kare su, kuma firij ɗin da ke mutuwa yana farfaɗowa shi ne babban mai mayar musu da ruwan da aka sha wahalar cirewa. Ga gyaɗa da masara abin ya wuce batun ɗanɗano. Fumfunar da ke kama su idan sun ji danshi tana iya haifar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda ke lalata hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci, a zubar, kada ma a ba kaji.

Mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, bayan an tabbatar kayan sun bushe ƙarau, shi ne maganin. Da damina a nan sai an ƙara sa ido, domin Kaduna na samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, fiye da Kano ko Katsina, kuma a watan Agusta ko gishiri jiƙewa yake yi a kicin. Idan rana ta fito a fitar da kifi da kuka su sha iska. Mai wake da yawa ya nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba.

Zuma ba ta buƙatar firij ko kaɗan. Sanyi ne ma ke sa ta yi tsakuwa-tsakuwa. Idan ta yi haka ba lalacewa ta yi ba, ba kuma shaidar an haɗa ta da sukari ba ne, tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta narke. Manja da man gyaɗa su ma wuri mai duhu nesa da murhu suke so.

Burodi na saurin tsufa a firij fiye da a kan tebur, domin sanyi na sa sitacinsa ya ƙanƙame ya yi gari-gari. Sai dai da damina fumfuna na iya riga ka. Sayi wanda za a cinye cikin kwana biyu, ko a yanka a daskarar a firiza.

Ƙwai

Ƙwan da muke saya a kiret galibi ba a wanke shi ba, yana tare da wani siririn rufi da kaza ke sako shi da shi, wanda ke toshe ƙananan ƙofofin ɓawon. A Amurka wanke ƙwai ake yi kafin a sayar, shi ya sa dole su sa a firij. A yawancin Turai ba a wankewa, a kan kanta ake sayar da shi kamar namu. Sanyi na ƙara wa ƙwai kwana, wannan gaskiya ne, amma da sharaɗin sanyin ya ɗore. Ƙwan da ya yi sanyi ya fito ya yi gumi, danshin na taimaka wa ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawon. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, bar shi a kiret a wuri mafi sanyi a gidan, tsinin yana kallon ƙasa, kada a wanke sai za a fasa, kuma da bazara a sayi kaɗan-kaɗan.

Tukunya cikin tukunya

Abin da yawancin kayan nan ke buƙata shi ne sanyi matsakaici, wanda ya fi ɗaki sanyi amma bai kai firij ba. Randa ta daɗe tana ba mu wannan. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan lambu a ta ciki a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, yana tafiya da zafin. Ana ƙara ruwa safe da yamma, a ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa.

Tana aiki sosai daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da iska ta bushe, kuma nan ne ake tsananin buƙatarta. Da damina ƙarfinta na raguwa, don iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa. Tumatir, attarugu, yalo, kuɓewa da ganye ne abokanta. Albasa da busassun kaya ba sa shiga, nama da madara ma haka.

Waɗanda wurinsu firij ne

Kada wannan bayani ya sa a juya wa firij baya. Amfanin fitar da doya da albasa da ayaba shi ne a samar wa masu buƙatar sanyin wuri: nama da kifi ɗanye, madara, nono da fura, kunun aya da kunun zaƙi da zoɓo, awara, alala, miya, markaɗen kayan miya, da duk 'ya'yan itacen da aka yanka. Karas, kabeji, latas, alayyafo da ugu su ma suna jin daɗin sanyi. Tumatirin gwangwani da aka buɗe a juye shi a roba mai murfi kafin a sa.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, idan ana tsananin zafi kuma awa ɗaya. Dafaffiyar shinkafa ta fi yaudara, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, ta yaɗu idan shinkafar ta kwana a tukunya, ta bar dafin da ɗumame ba ya kashewa.

Idan an ɗauke wuta, firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. Firiza da ke cike tana kai kwana biyu, wadda take rabi kuma kwana ɗaya. Don haka a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare, a kuma ja wa yara kunne kan yawan buɗe ƙofa. Idan an daɗe ba a kawo wuta ba, a ɗauko biyu ko uku daga robobin ƙanƙarar nan a ɗora a saman benen firij, a mayar da nama da miya kusa da su.